Ni ƙaramin murhun gashi na gas nake so, maigida ƙato yake so, Hajiya ba ta son ko ɗaya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tumfure, nan Gombe, yaranmu uku. Maigidana mutum ne mai son gashi. Kusan duk yammacin Juma'a sai ya shigo da kifin Dadin Kowa ko kaza, mu hura gawayi a bayan gida. To 'yarmu ta tsakiya tana da asma, hayaƙin hura wutar yana tayar mata da ita, kwanakin baya har kwana muka yi a asibiti. Da na kwashi adashina, naira 120,000, sai na ce zan sayi ƙaramin murhun gashi mai aiki da gas. Da na faɗa masa ya fi ni murna, amma washegari sai ga shi da hoton wani ƙato ɗan kwatano mai bakin wuta huɗu da tayoyi, wai daga Amurka ya zo, mai sayarwar ya ce na gas ɗin furofen ne. Ya ce in kawo kuɗina, shi ya ranto ya cika, tunda Babbar Sallah na tafe a gasa rago a kai. Mahaifiyarsa kuma, da muke zaune tare, ta ce ba da yawunta ba. Tukunyar gas ɗayan da ke kicin ma hana ta barci take yi, tun da gas ya tashi a gidan wasu 'yan'uwanta. Bayan gidan namu ba shi da girma, a nan janareta yake, kuma tagar ɗakin Hajiya can take kallo. Yanzu har an fara cewa ni na jawo magana. Wane iri zan saya da kuɗin nan, ko haƙura zan yi?

Daga wata baiwar Allah, Gombe

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba yarinya lafiya mai ɗorewa, Ya sa kaffara ne.

Ba ki jawo magana ba. Uwar da ta kwana a kan kujerar asibiti tana sauraron numfashin 'yarta, ta fito ta ɗauki kuɗin adashinta don kada a sake, ba ta yi abin zargi ba. Abin da na lura da shi a wasiƙarki shi ne, daga yarinyar aka fara maganar, amma kafin a je ko'ina an manta da ita. Maigida ya tafi wajen ragon Sallah, Hajiya ta tafi wajen gobara. Duk lokacin da za ki sake tayar da zancen, daga ita za ki fara, domin a nan ne kaɗai ku ukun bakinku yake ɗaya.

Sai dai kada in yi miki alkawarin da gas ba zai cika ba. Zai raba ku da hayaƙin hura wuta, wanda shi ne mafi muni, musamman in ana taimaka wa gawayin da leda ko kananzir kamar yadda aka saba. Amma idan kitse ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi dole ya yi hayaƙi, ko da gas ne. Saboda haka ko an saya, yarinyar ba za ta tsaya a inda iska ke kaɗa hayaƙin ba, abin shaƙarta yana kusa, kuma ki faɗa wa likitanta abin da kika lura yana tayar mata da ciwon.

Yanzu ƙaton na maigida. Na fahimce shi sarai. Namijin da yake shigowa da kifi duk Juma'a ya zauna ya gasa wa iyalinsa, ba kowace mace ke da irinsa ba, kuma ba laifi ba ne don ransa ya biya da abu mai tayoyi da sheƙi. Amma Sallah sau ɗaya take zuwa a shekara, Juma'a kuwa sau hamsin da wani abu. Mutum shida ne a gidanku. Ragar gashi mai tsawon santimita 50 da faɗin 35 za ta ɗauki kaji biyu da aka fasa ta baya aka baje, ko karfasa huɗu matsakaita. Abin da ya wuce haka, ƙarfe ne kawai za ku riƙa dumamawa da kuɗinku.

Ga lissafin da zai fi shiga kunnensa fiye da duk wata magiya. A jikin kowane murhun kirki akwai ɗan farantin bayani da ke nuna ƙarfin wutarsa. Na Amurka da BTU suke aunawa, wato ma'aunin yawan zafi. Kilo ɗaya na gas yana ba da BTU kusan 47,000. Ƙaramin murhu mai baki biyu yakan kai 20,000 a awa idan an ƙure shi, ke nan bai cin rabin kilo a awa, tukunya mai kilo 12.5 za ta yi masa kusan awa 29. Mai baki huɗu kuwa yakan kai 40,000 zuwa 48,000, wato kusan kilo guda duk awa, tukunyar nan ba za ta wuce awa 12 zuwa 15 ba. Ki tambayi nawa ake ɗura kilo yau a inda kuke saye, ki ba shi biro ya ninka da kansa. Mu nan gas ɗinmu a tanka ake ɗauko shi tun daga kudu, kuɗin hanyar ma a kanmu yake ƙarewa. Wanda ya ci bashi ya sayi murhu, ya kuma ga tukunya tana ƙarewa a wata biyu, kafin damina ta fita za ki ga an lulluɓe murhun da tsohon zani an koma kurfoti, yarinya ta koma tari.

Maganar furofen kada ta ruɗe ku. Gas ɗin da ake ɗura mana gauraye ne na biyuten da furofen, biyuten ya fi yawa. Ƙasashen sanyi sun fi amfani da furofen zalla a waje saboda biyuten yana daina tashi daga ruwa ya zama iska idan sanyi ya kai na daskarar ruwa, furofen kuwa sai sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifili. Hunturun Gombe bai taɓa kai mu can ba. Murhun da aka rubuta wa LP ko LPG, wato na gas ɗin tukunya, yakan kama da gas ɗinmu. Inda gizo ke saƙar shi ne mahaɗi. Regiletan da ke zuwa da murhun Amurka an yi shi ne don bakin tukunyarsu, ba ya shiga namu, sai an yanke an yi dabara, kuma dabara a kan hanyar gas ita ce abin da Hajiya take tsoro. Ƙananan nasu na ɗorawa a tebur kuma da yawa da 'yar gwangwanin gas ta kusan giram 450 suke aiki, wadda ake jefarwa in ta ƙare, ba kuma kayan da za ki aiki yaro ya sayo a bakin titi ba ne. Mafi haɗari a cikin kayan kwatano shi ne wanda aka rubuta wa NG. Wannan na gas ɗin bututu ne da ake jawowa cikin gidaje a can, ƙofofin fitar gas ɗinsa sun fi faɗi, in aka haɗa shi da tukunya wuta ce za ta yi tsalle ta wuce murfi. Mai sayarwa kansa ba lallai ne ya san bambancin ba, shi dai an sauke masa kaya. Ku ce ya ɗauko hoton farantin bayanin ya turo, kuma ya leƙa da waya ya ɗauki bonar, wato bututun da wuta ke fitowa, daga ciki. Murhun da ya sha ruwan sama shekaru a bayan gidan wani kafin ya hau jirgi, fentin waje ne yake sheƙi, cikin sau da yawa tsatsa ta cinye.

Abin da nake ba ki shawara ki nema shi ne mai bakin wuta biyu, mai murfi, kowane baki da makunninsa. Baki biyun ba ado ba ne. Da su ne za ki samu gefen zafi da gefen sanyi: ki kunna ɗaya ki gasa fatar kaza ta yi ja, sannan ki matsar da ita gefen da ba wuta ki rufe murfi ta nuna har ƙashi. Da baki ɗaya, waje ya ƙone ciki da jini. Tsire ma haka, garin ƙuli ba ya jure wuta mai ƙarfi, nan da nan yake baƙi ya yi ɗaci. Murfi kuma shi ke tsare zafi lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, shi ke rage cin gas.

Idan kin shiga babbar kasuwa, ko aka turo miki daga Kano ko Jos, kada ki saya da ido kawai. Ki ɗaga ragar ki ji nauyinta. Siririyar waya mai ƙyalli ba ta riƙe zafi, kifi yana manne mata, kuma ba ta daɗewa take ɓare ta yi tsatsa. Ƙarfen zubi mai kauri ko silba marar tsatsa ake so. Ki danna murfin da yatsa, in ya lotsa ki wuce. Ki duba ko akwai 'yan ƙarafa masu kama da jinka a saman bonar, su ne ke hana maiƙo ɗiga kai tsaye a wuta, su kuma baza zafin. Ki jawo tiren maiƙo na ƙasa ki ga yana fita cikin sauƙi. Ki girgiza ƙafafun. Na'urar ƙyasta wuta da ke jikin masu araha ita ce ke fara mutuwa, kada ki biya ƙarin kuɗi dominta, ki dai tabbatar akwai 'yar ƙofar da za a zura doguwar laita. Ma'aunin zafi na kan murfi, teburin gefe, fitila, duk waɗannan ki bar wa masu kuɗi. Kuma a haɗa shi da tukunya a kunna a gabanki kafin ki miƙa ko sisi. Shuɗiyar wuta ake so, mai fitowa daidai daga farkon bona har ƙarshe. Ja ko rawaya mai lilo tana nuna iska ba ta gauraya daidai ba, za ta yi wa nama baƙi, ta kuma ci gas a banza.

Idan sabo ya fi ƙarfin aljihunki, masu walda na garin nan suna ƙera jiki mai kauri da zai fi na kanti daɗewa. Sharaɗi shi ne su tsaya a jiki da ƙafafu da murfi. Bona da makunni a sayo na kamfani, mai gyaran murhun gas ya ɗaura, kada a huda bututun ruwa da ƙusa a ce an yi bona. Kada a yanka durom ɗin da aka taɓa zuba maganin feshi ko wani sinadari. Kada a yi ragar da wayar shinge mai ruwan zinki ko shantar tsohon firji, abin da aka shafe su da shi yana tashi in ya ji wuta, ya shiga abinci da hanci. Ƙasan kuma a bar shi da ƙofofin iska, kada a yi wa tukunya akwati rufaffe.

Kuɗin nan naki ba na murhu ba ne shi kaɗai, a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Ki fara ware na regileta mai sauƙin matsi, irin na girkin gida mai matsin milibar 28 zuwa 30, ko abin da farantin murhun ya nuna. Ba irin mai ƙarfin nan da ake murɗawa ba, na manyan bonar masu tuya da girkin biki. Sai tiyon gas na ainihi, ba na ban ruwa ba, wanda bai wuce mita ɗaya da rabi ba, da kilif na ƙarfe a kowane baki maimakon ɗauri da robar taya. Sai 'yar tukunyar kashe gobara mai hoda. In da hali, tukunya ta biyu mai kilo 6, domin cire ta kicin a kai baya a dawo da ita duk mako yana gajiyar da robar bakin, ga kuma faɗan wa ya ƙarar da gas ranar da aka ɗora tuwo ya mutu. Idan tsohuwa za ki saya ki duba shekarar da aka buga a jikinta, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sa wa tukunyar gas wa'adin shekara 15. Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne kuɗin murhu. In bai kai ba, gara ki jira kwasar adashi ta gaba da ki rage a wajen tiyo.

Sai Hajiya. A cikin ku ukun ita ce ta fi kusa da gaskiya a kan abu ɗaya: gas ba abin wasa ba ne, kuma ta ga abin da ya yi wa nata. Wanda ya je jaje ya ga bangon da ya yi baƙi, ba a ce masa tsoronsa ƙauyanci ne. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi. In ya zuba ba ya tashi sama ya ɓace, kwanciya yake yi kamar ruwa, ya bi gangara ya taru a kwata, a bakin sokawe, a ƙarƙashin ƙofa, yana jiran tartsatsi. Shi kansa ba shi da wari, kamfani ne ke sa masa wannan warin don hanci ya kama shi. To ki dubi bayan gidanku da wannan idon. Janareta yana nan, kuma na tabbata jarkar fetur ba ta yi nisa da shi ba. Tagar tsohuwa tana nan. A yadda kika kwatanta wurin, ni ma ba zan yarda a kunna komai a can ba sai an sauya tsari, kuma in gaskiya za a bi, gawayin da kuke hurawa kusa da fetur duk Juma'a bai fi gas aminci ba.

Ki ɗauki awo ki auna. Ana so murhu ya yi nisan kamar mita 3 daga taga da ƙofa da duk abin da zai iya kamawa, a fili wanda sama take buɗe, ba ƙarƙashin rumfa ko baranda ba, ba kusa da igiyar shanya ba. Janareta a kashe yake muddin ana gashi, fetur kuma ya bar wurin gaba ɗaya. Tukunya a tsaye, a inuwa, musamman a zafin Maris da Afrilu da kin san yadda Gombe take. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba a shiga da murhun cikin kicin ko gareji, domin a rufaffen wuri yana tara iskar nan mai kisa marar wari, irin ta janareta da ke kashe iyali a cikin barci. In bayan gida bai ba da wannan nisan ba, ki duba tsakar gida ko gefen get.

Maganar kuma ba ke za ki kai mata ba. Ɗanta ne zai je, ya zauna a ƙasa, ya ce mata don jikarta ake so a bar gawayi, kuma ba za a yi ba sai da sharuɗɗanta. Ku bar ta ta zaɓi wurin, ta ce ga inda tukunya za ta kwana. Ranar da aka kawo, a kaɗa ruwan sabulu a kofi, a shafa a bakin regileta da duk mahaɗin tiyo a gabanta, a buɗe tukunya murhu yana kashe. In kumfa ta fara hurowa akwai yoyo, a rufe a gyara. In ba ta motsa ba ta gani da idonta. Daga nan ku wuce kicin ku yi wa waccan tukunyar da ke hana ta barci irin wannan gwajin, ku sauya mata tiyo in ya tsage. Ina kyautata zaton wannan kaɗai zai sauke mata rabin abin da ke ranta. Tsofaffi sau da yawa ba abin suke ƙi ba, yanke shawara a bayan idonsu suke ƙi.

Akwai ɗabi'u kaɗan da duk mai kunnawa zai riƙe, har da maigida, don maza sun fi mu gaggawa a nan. Murfi a buɗe ake kunnawa, kullum. In aka murɗa gas murfi yana rufe, taruwa yake yi a ciki, ƙyastawa ɗaya ya tashi da gira. In bai kama ba cikin 'yan daƙiƙu, a kashe, a jira minti biyar iska ta kwashe. In an gama, tukunya ake fara rufewa, wutar ta cinye abin da ke tiyo ta mutu, sannan a kashe makunni. In maiƙo ya kama, ba a watsa ruwa, a rufe gas a rufe murfi. Kuma in murhun ya yi makonni ba a taɓa ba, a leƙa bututun bona, zanzaro da gizo-gizo suna son yin ɗaki a ciki, su toshe hanya wuta ta dawo ta baya wajen makunni.

Zai ce miki gashin gas ba ya ƙamshi irin na gawayi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, ba zai taɓa zama balangun mai tukuba ba. Amma mafi yawan ɗanɗanon gashi daga maiƙon da ke ɗiga a ƙarfe ya koma hayaƙi yake zuwa, da kuma zafin raga. A rufe murfi minti goma raga ta yi zafi sosai kafin a ɗora, a shafa wa kifin mai, a bar shi sai ya saki ragar da kansa kafin a juya. Ranar da yarinya ta tafi gidan kakanninta, zai iya naɗe 'yan ɓaraguzan busasshen icen ƙirya a takardar alminiyom, ya huda, ya ajiye a saman bona ya samu hayaƙin da yake marmari.

Game da kuɗi, adashinki haƙƙinki ne, addini ma ya bar wa mace dukiyarta. Amma ba da wannan za ki buɗe magana ba, ba kotu kuka je ba. Ki ce masa ba kya son ya shiga Sallah da bashi biyu, ga rago ga murhu. Ki ba shi nasa fagen: shi zai je kasuwa tare da ke ya gwada wuta, shi zai tsaya a kan mai haɗawa, kuma ɗurin tukunyar gashi a wuyansa yake tunda shi ne sarkin gashin gidan. Ku yi wannan yarjejeniyar tun kafin a saya. Rago kuwa ko mai baki huɗun ba zai ɗauke shi gaba ɗaya ba. Yawancin naman layya ai suya ake yi da rabo. Abin da ake so a gasa, cinya da haƙarƙari, a kai wa mai gashi na unguwa ko a kira mahauci ya yi a waje, a bar wa ƙaramin murhu hanta da ƙoda da tsiren yara.

Idan kuma kin auna fili bai kai ba, ko Hajiya ta saurari ɗanta ta ce har yanzu a'a, kada ki ja. Ki sayi kaskon gashi na ƙarfen zubi, mai layi-layi a ciki, ki riƙa ɗora shi a kan murhun gas ɗin kicin da taga a buɗe. Yana gasa kifi da tsokar kaza da kyau, kuɗinsa ɗan kaɗan ne daga abin da ke hannunki, babu sabuwar tukunya, babu gawayi. Sauran kuɗin ki adana, ki sake ɗaga maganar bayan Sallah, lokacin da aka samar wa janareta wani wurin.